Saniyar Ƙarfe Marar Kai

Can cikin unguwa, bayan Ƙofar Na'isa, akwai wani ɗan lambun shan iska da mutanen wurin suka yi wa kansu a kan tsohon kududdufin da aka cike. Ba wani babban abu ba ne: bishiyoyin darbejiya, kujerun siminti, lilon yara guda biyu, sai kuma wani ƙarfe a tsakiya da ya fi mutum tsayi, wanda har yau ba a gama musu a kansa ba. Wasu sun ce hannuwa ne biyu aka ɗaga ana roƙon Allah. Wasu sun ce jinjirin wata ne. Mai raken bakin lambun kuwa ya sha rantsewa wani ɓangare ne na injin jirgin sama. Duk ba su canka ba. Saniya ce. Modu mai walda ne ya ƙera ta, kuma ba don ya ƙawata wa kowa lambu ba. Ya ƙera ta ne don yana neman a zage shi.

Shi Modu Babarbare ne, amma irin Barebarin nan da suka daɗe a Kano har Barbarci ya gudu ya bar su. Kakansa ne ya zo daga Barno da alƙalami da tawada ya zauna a Ƙofar Mazugal. Abin da ya rage wa Modu na gadon can bai taka kara ya karya ba: sunansa, da gaisuwa guda ɗaya, da wani tsohon hoto da ke rataye a zaurensa, na kakan nan yana tsaye a bakin ruwa ya dafa wata saniya. Modu bai taɓa kiwon ko akuya ba. Shekara arba'in yana ƙera ƙyauren gida da tagogi, kuma in za a faɗi gaskiya, saniyar hoton nan ita kaɗai ya taɓa tsayawa ya ƙare wa kallo. Sauran shanun duniya sai dai su haɗu a cikin miya.

Amininsa Yero kuwa Bafulatani ne. A ruga aka haife shi, yana ɗan shekara tara ubansa ya sayar da garke ya shigo birni. Ya yi aikin ofis har ya yi ritaya, amma idonsa bai taɓa barin ruga ba, don daga nesa zai hango saniya a bayan mota ya faɗa maka ƙasar da ta fito. Tun ranar da aka zaunar da su a benci ɗaya a firamare, wannan ya ji sunan wancan, wancan ya ji sunan wannan, suka gane Allah Ya ba su abin yi. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, kowanne na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. To su waɗannan biyun ba su ɗauke shi wasa ba, sana'a suka mai da shi. Kullum da safe Yero zai biyo ta bakin shago da jakarsa ta ofis.

"Ina bawan nan nawa? Har yanzu ba ka share min hanya ba?"

Modu zai ɗaga gilashin walda ya ce, "Wuce, Fillo. Wa ya kwance ka da sassafen nan?"

Haka suka yi ta yi har furfura ta cim musu. Ranar ɗaurin auren Modu, Yero ya bi dangin amarya ɗaya bayan ɗaya yana yi musu jaje. Ranar da Yero ya dawo daga Makka, Modu ya tambaye shi a gaban 'yan taro ko ya samu ya sayar da nonon da ya tafi da shi.

Sai ciwo ya shigo tsakani. Wata Talata da hantsi hawan jini ya kayar da Yero a tsakar gida, ɓarin jikinsa ya ƙi motsi. Lungunsu mota ba ta shiga, ga ɗansa Tajuddeen yana can makarantar da yake koyarwa. Modu ne ya watsar da walda ya zo a guje, ya goya shi a baya har bakin titi. Sati biyar a asibiti bai buɗe shago ba. Shi ke juya shi, shi ke ba shi kunu a baki, shi ke yi masa wanka, har da abin da ba a faɗa.

Yero ya tashi, alhamdulillahi. Ya koma takawa da sanda, bakinsa ya ɗan karkace amma magana ta dawo tas. Abu ɗaya ne bai dawo ba. Ranar farko da Modu ya je duba shi a gida, tun daga soro ya ɗaga murya.

"Kai Fillo! An ce ƙafar taka ta ƙi tafiya ne don ba ta ga saniya a gabanta ba."

Yero ya gyara zama, ya sunkuyar da kai. "Sannu da zuwa, Alhaji Modu. Allah Ya saka da alheri. Allah Ya biya ka da gidan Aljanna."

Alhaji Modu! Sai da Modu ya waiwaya ya duba ko wani ne ya shigo a bayansa. Babu kowa. Ya zauna a bakin tabarma, aka kawo masa shayi a kofin baƙi, ya sha bai ji ɗanɗanonsa ba.

Wata huɗu yana gwada duk dabarar da ya sani. Ya kai masa nonon da ya tsula wa ruwa da gangan, Yero ya shanye ya ce an gode. Ya sayo malafa, ya saɓa sanda a kafaɗa, ya je ƙofar gidan yana kukan shanu, dattijo guda mai jikoki. Unguwa ta fito tana dariya, Yero ya yi masa murmushi irin wanda ake yi wa suruki, ya sa aka kawo masa kujera. Gaskiya abin ya yi wa Modu ciwo, ciwon da ya fi na zaman asibiti. A can tsoronsa kada amininsa ya mutu. Yanzu ga shi da rai, amma an musanya masa shi da wani mutumin kirki wanda bai sani ba.

Matarsa Fanna, wadda ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ita ta fasa masa maganar.

"Malam, kai ma dai da wani abu. Mutumin da ka goya, ka wanke da hannunka, da wane baki zai ce maka bawa? Bafulatani ne fa. Kunya ce ta shaƙe shi."

"To ya amayar da ita mana! Ni na ce ya gode min?"

"Sai ka sa shi."

"Zan sa shi kuwa," in ji Modu, ko da yake bai san ta inda zai ɓullo ba.

Ana cikin haka sai ga Tajuddeen a shago. Shi ne sakataren ƙungiyar unguwa, wadda ta yi ta fama shekara biyu har aka cike kududdufin aka dasa bishiyoyi.

"Baba Modu, kwamiti ya zauna. Muna son wani abu na ƙarfe a tsakiyar lambun, wanda in mutum ya gani zai san ya zo wuri. Mun bar maka zaɓi."

"A tsakiya? Daidai ina?"

"Saitin ƙofar gidanmu. In Baffa ya fito ya zauna a dakali, shi zai fara gani."

Modu ya ajiye guduma a hankali. Dariya ta taso masa, ya danne ta, ta ƙi dannuwa. Da ƙyar ya jira Tajuddeen ya sha kwana, sannan ya faɗi a kan benci yana dariya har da shure-shure. Saniya! Ƙatuwar saniya ta ƙarfe, ta tsaya ƙiƙam tana kallon ƙofar Yero rani da damina, a rubuta a gindinta da jan fenti: Uwar Ɗakin Yero. Babu Bafulatanin da zai ga wannan ya yi shiru, ko da sau dubu aka yi masa wanka.

Washegari ya dira a kasuwar ƙarafa ta Ƙofar Ruwa, ya cika a-kori-kura da bututu da rodi da faifan tsohon tanki, da tsofaffin tukwanen gas guda biyu, da wata doguwar sarƙa. Ya rufe gaban shago da tamfol, ya sauko da hoton kakansa daga zaure ya jingina a kan benci, yana duba saniyar ciki yana lanƙwasa ƙarfe. Duk yadda take a hoton haka ya bi ta. Bayanta sumul, ya yi sumul. Ƙahoninta masu kumburarren gindi, ya yanka tukwanen gas ya yi su da kumburinsu, suka tsuke can sama. Sarƙa ta zama wutsiya, fitilun babur suka zama idanu. Mutumin da ya shekara arba'in yana ƙorafin ciwon baya, sai ga shi yana tsalle daga benci zuwa ƙasa yana waƙa. Fanna ta ce in yana cin tuwo sai ya tsaya da loma a hannu yana dariya shi kaɗai, har ta fara tunanin nema masa rubutu.

Saura kaɗan a gama sai Malam Bashir, limamin masallacin unguwa, ya zo karɓar ƙyauren da aka kawo gyara. Ya yi sallama, ƙarar injin ta hana a ji, ya ɗaga tamfol ya shiga, suka yi ido huɗu da saniya. Sai da ya ja da baya taku biyu yana salati.

"Modu, mene ne wannan?"

"Allah Ya gafarta Malam, ai ka gani."

"Don na gani na tambaya. Mutum-mutumin abu mai rai za ka kafa mana a tsakiyar unguwa, taku talatin daga masallaci?"

Modu ya kashe injin, ya kwashe labari duka ya faɗa masa. Malam Bashir yana saurare gemunsa na rawa, don shi ma ajinsu ɗaya a firamare, kuma shi ma ya yi kewar zagin nan na safe. Da shi yake gane lokacin walaha ya yi. Amma ya haɗiye dariyarsa ya gyara rawani.

"Niyyarka kyakkyawa ce, saniyarka ce ba ta halatta ba. Sai dai ka cire mata abin da in babu shi rai ba ya zama. Fara da kai."

"Kai? In na cire kai, ina zan dasa ƙaho?"

"Wannan kuma matsalar maƙera ce, ba ta malamai ba."

"To shi ƙahon, kai ne?"

Malam ya shafa gemu, ya kalli sama, ya kalli ƙasa. "Ƙaho ba kai ba ne," in ji shi a ƙarshe. "Wanzami ma yawo yake da shi a zabira."

Modu ya datse kai yana jin kamar nasa yake datsewa, ya haɗa ƙahonin a kan wani lanƙwasasshen bututu. Bayan kwana uku Malam ya dawo, ya zagaya, ya girgiza kai. Ya ce har yanzu ko makaho ya shafa zai ce saniya ce aka yanka ta ƙi faɗuwa. Aka cire ciki. Ya nuna hantsa da bakin carbi, ya ce wannan kam ko ba don shari'a ba, don mutunci. Aka cire hantsa. Da aka zo kan ƙafafu sai da suka yi ciniki kamar a kasuwar ƙauye, Malam na cewa duka huɗun, Modu na cewa to a kan iska za ta tsaya? Aka daidaita a kan biyu, Modu ya harɗe su suka zama abin tsayawa. Abin mamaki, duk yankan da ya yi sai ya yi kururuwa, amma in ya ja da baya ya duba sai ya ga abin ya ƙara kyau. Har ya fara yanka wuraren da Malam bai ce ba.

Ranar da aka gama, abin da ya rage shi ne ƙahoni biyu masu kumburi sun tashi sama, doguwar lanƙwasa guda ta taso daga tsakaninsu ta miƙe sumul ta gangara, sarƙa na lilo a ƙarshenta, iska na wucewa ta ko'ina. Malam Bashir ya zagaya sau biyu, ya tafa hannu.

"Yauwa! Yanzu kam ko ni da na san ta tun tana da kai ban san mece ce ba. Ta halatta."

Malam ya tafi da murna, ya bar Modu a tsaye da gilashi a hannu. In liman bai gane ta ba, Yero fa? Ya ruga gida ya kirawo Fanna. Ta leƙa ta ƙarƙashin tamfol ta ce, "Abin shanya ne? Zai ɗauki zannuwa da yawa kuwa." Ya aika aka kira Tajuddeen, wanda bai taɓa ganin aikin ba. Shi kuma yana shiga ya dafe kai.

"Baba Modu! Abstract! Wallahi abstract ne! A jami'a ake koyar da wannan, kai a ina ka koya?"

"Abis me?"

"Wato fasahar da ba ta kama da komai."

Modu ya nemi wuri ya zauna. Sati uku yana ƙera zagi, ya ƙare da abin da ba ya kama da komai. Ya ɗauki gwangwanin jan fenti zai rubuta sunan da ya shirya, ya tsaya, ya ajiye. Shi da Yero ba su taɓa yi wa juna bayanin zolaya ba, kuma ba zai fara yanzu ba. In Yero ya gani ya gani, in bai gani ba shi ke nan, zai haƙura ya zama Alhaji Modu har ƙarshen ransa.

Ranar Asabar bayan la'asar aka yi bikin buɗe lambu. An kafa ƙarfen tun da safe, an zuba masa siminti a gindi, an lulluɓe shi da tamfol. Aka jera kujeru, aka kawo zoɓo da kunun aya a cikin kula. Tajuddeen ya riƙo mahaifinsa ya zaunar da shi a sahun gaba, da farar riga da sandarsa. Modu ya sa babbar rigar Sallah, ya kasa zama, ya kasa tsayuwa, sai kai-kawo yake yi yana gaisa mutanen da ya riga ya gaisar.

Malam Bashir ya yi addu'a, aka yaye tamfol. Nan take kowa ya fara magana a lokaci ɗaya. Wata tsohuwa ta ce tulu ne biyu. Wani ya ce alamar layin waya ce. Mai rake ya fara rantsuwarsa ta jirgin sama tun a ranar. Tajuddeen ya karɓi lasifika ya yi jawabi mai tsawo, ya ce waɗancan biyu da suka tashi sama ilimi ne da sana'a, doguwar lanƙwasar kuma tarihin unguwa ce, sarƙar kuwa haɗin kai. Aka yi tafi raf-raf. Malam Bashir ya toshe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa.

Modu bai ji ko kalma ɗaya ba. Idonsa na kan Yero. Yero ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen, ya daɗe yana duba, sannan ya juyo.

"Masha Allah, Alhaji Modu. Allah Ya yi wa hannu albarka."

To, ta ƙare. Modu ya ce amin, ya koma bayan taro ya fara naɗe tamfol, don ya samu abin da zai yi da hannuwansa. Mutane suka watse wajen zoɓo. Yana durƙushe yana naɗi sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan siminti. Yero ne ya tashi shi kaɗai, yana jan ƙafa, ya nufi ƙarfen. Ya zagaya ta gefe. Ya tsaya ta baya ya kama sarƙar, ya sake ta. Ya dawo ya ɗaga sanda ya bi doguwar lanƙwasar nan da ita tun daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Girarsa ta fara haɗewa.

"Ina tozon?" ya ce, ba tare da ya juyo ba.

Modu ya ɗago kai. "Na'am?"

"Tozo. Ga wuya, ga gadon baya, ga wutsiya. Ina tozon?"

"Ai... ba ta da shi."

"Ba ta da shi." Yero ya ƙwanƙwasa gindin ƙaho da sanda, ya yi ƙara kamar ganga. "Wannan kumburin fa? A ina ka ga saniya mai ƙaho kamar an kifa goruna?"

"A hoton kakana. Komai da komai daga nan na kwafa."

Yero ya juyo a hankali. Karkataccen bakin nan ya fara rawa, idanunsa suka kawo ruwa, ya yi ƙoƙari ya riƙe, wallahi ya yi ƙoƙari, amma kunyar wata huɗu ta tsage daga sama har ƙasa. Dariya ta ƙwace masa da ƙarfin da ya sa masu zoɓo suka juyo.

"Jama'a ku zo ku gani! Ku zo ku ga Babarbare! Ya zo zai zagi Fulani da saniya, ya ƙera tasu! Wannan ai kuri ce, saniyar bakin tafkin Chadi, mai iyo a ruwa kamar agwagwa. Wane Bafulatani ne ya taɓa kora wannan? Ta gidanku ce, sakarai! Sati uku ka rufe shago, ka ƙona ido, ka sa liman ya yi ta yi maka fatawa, ashe kakarka kake ƙerawa! Ka kawo ta ƙofar gidana ka kafa, ta tsaya tana gadina ba kai, kamar sauran danginta. Kai, Allah Ya isa tsakanina da wanda ya sayar min da wannan bawa!"

Modu ya saki tamfol. Ya miƙe. Sai kawai aka ga dattijo ya tattare babbar riga ya shiga rawa a tsakiyar lambu, ba kiɗa ba waƙa, yana juyi yana ihu, hawaye na bin gemunsa.

"Ƙara! Ƙara faɗa, Fillo! Me ka ce?"

"Na ce bawa! Bawan banza wanda bai san saniyar ubangidansa ba!"

"Malam, ka ji ko? Ka zama shaida!"

Malam Bashir ba ya cikin halin zama shaida, yana can ya dafa bishiya yana share ido. Tajuddeen na tsaye da lasifika a hannu, yana duban ilimi da sana'a da haɗin kai, ya rasa inda zai sa kansa. Fanna daga cikin mata ta rangaɗa guɗa.

Dariyar ta fi ƙarfin ƙafar Yero. Ta lanƙwashe, ya tafi zai faɗi, Modu ya tare shi. Suka tsaya haka riƙe da juna suna haki, Modu yana jin yadda mutumin ya rame a cikin riga. Nan take wani tsoro ya kama shi, don ga shi ya sake taimakonsa, kada godiyar nan ta dawo. Yero ya dube shi, ya gane abin da ke ransa.

"Me kake kallona? Jira kake in ce na gode?" Ya yi tsaki. "Ranar da ka goya ni, ai aikinka ka yi. Don me aka ajiye bawa in ba don ya ɗauki ubangidansa ba? Wankan ma ba ka iya ba, sabulu ka yi ta zuba min a ido."

Modu ya gyara masa tsayuwa. Ya juya, ya durƙusa, ya ba shi baya.

"Hau."

Yero ya miƙa wa Tajuddeen hularsa, ya riƙe sandarsa, ya hau a gaban duk unguwa. Daga gindin ƙarfen zuwa dakalinsa bai fi taku ashirin ba, amma sai da suka zagaya lambun sau biyu, Yero na taɓa shi da sanda a cinya yana cewa ya bi a hankali kada ya zubar da mai gida, Modu na cewa bai taɓa ɗaukar buhun ƙashi mai surutu irin wannan ba.

Washegari da safe Modu yana buɗe shago ya ji ƙwas, ƙwas, daga bakin lungu. Ya yi maza ya sa gilashin walda, don ya samu abin da zai ɗaga.